Fitilar da Ba a Kashe Ba

Talata, 11 ga Nuwamba, bayan makaranta

Faifan ya iso yau. Mama ta karɓa daga hannun mai kawo saƙo, ta ga sunan Yaya Fumika a jiki, ta ajiye shi a kan akwatin takalma kamar wani abu mai zafi. Bidiyon wasan mawaƙiya Mikage Sayo ne na Yokohama, wanda Yaya ta je a watan Agusta. Tun kafin a buga shi ta biya.

Na hau sama na tsaya a ƙofar ɗakinta. Na ce, "Yaya, faifan Sayo ya zo." Na ji motsin bargo. Na ce, "In ajiye miki a nan?" Shiru.

Na ajiye shi kusa da tiren abincinta. Da na gama aikin gida na leƙo, tiren ya shiga ya fito, an ci rabin shinkafar, ba a taɓa kifin ba. Faifan kuma an turo shi har bakin ƙofata.

Na ɗauka ke nan ni aka ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da yamma

Na kalli rabin farko a kwamfutata da abin sauraro a kunne, don bangon da ke tsakanina da Yaya ba shi da kauri.

Daga ƙarƙashin dandamali Sayo ta fito, a tsaye cak, cikin shuɗiyar riga mai faɗin hannu. Tun kanta bai gama fitowa ba mutane suka ɗauki ihu. Gajera ce fiye da yadda nake zato. Muryarta ma ba irin ta rediyo ba ce. Ta fi siriri, ana jin numfashinta kafin kowane baiti, kuma a waƙar "Keken Safiya" da ƙyar ta haura wani wuri, kamar mai hawan tudu da kaya. Ni na fi son ta haka. A rediyo ba ta gajiya. A nan tana gajiya, gashi ya manne mata a goshi, amma ba ta tsaya ba.

Sai fitilun. Kowa a zauren yana riƙe da sandar fitila, irin mai maɓallin canza launi, kuma kowace waƙa da launinta. Ba wanda ke sanarwa, masoya ne suka sani. Da an buga kiɗan farko sai zauren duka ya juye daga kore zuwa ruwan hoda a lokaci ɗaya. Yaya ce ta koya mini launukan tun ina firamare. Buroshin haƙori muke riƙewa a maimakon sanda, in na yi kuskure ta ɗalle mini goshi.

A watan Satumba ta dawo daga makarantar koyon jinya a Tokyo da jaka ɗaya. Ta ce ta gaji, ta hau sama. Ba ta sake saukowa ba, in dai muna gida. An ce wa maƙwabta karatu take yi. Rabona da fuskarta tun ranar.

Na tsayar da faifan a tsakiya. Gobe akwai gwajin lissafi.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, bayan abincin dare

Tiren Yaya: rabin shinkafa, miyar duka. Mama ta ce, "Kin gani, ta sha miya." Sau biyu ta faɗa.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da yamma

A ajinmu Rumi ce kaɗai nake iya magana da ita fuskata ba ta yi zafi ba. Ita ma ta sayi faifan, har ta kalla sau uku. Lokacin abincin rana ta jawo kujerarta.

"Mucchan, kin kai waƙar 'Tashar Ƙarshe'?" Haka take gajarta sunana, Mutsumi.

"Ban kai ba."

"To ki shirya, ranki zai ɓaci. Mai Farar Fitila tana nan daram. Ni na zaci za su goge ta."

Kowa ya san ƙa'idar wannan waƙar. Ita kaɗai ce ba ta da launi. Kowa kashe fitilarsa yake yi, Sayo ta rera ta cikin duhu, ba kiɗa. Haka ake yi tun farkon fitowarta. Rumi ta ce a Yokohama wata ta bar tata a kunne daga farko har ƙarshe.

"Zaure cike da mutane, kowa ya iya danna maɓalli, ita kaɗai ce yatsanta ya karye. Neman suna ne kawai. So take Sayo ta ɗaga kai ta ce, kai, wace ce waccan kyakkyawar a sama?" Tana magana tana sace mini soyayyen ƙwai daga akwatin abincina.

Na ce, "Wa ya ce mace ce?"

"Kowa ya sani. Ke ba kya shiga dandalin masoya na intanet ne, tsohuwa?"

Ta kwaikwayi yadda mutum zai riƙe fitila yana washe baki. Na yi dariya. Ina so in rubuta cewa na yi dariya.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da rana

Na kai wurin.

Sayo ta canza zuwa riga marar ado, ba takalmi. Ta ajiye makirufo a ƙasa ta sha ruwa, ta ɗauka. Ta ce, "Kun san abin da za mu yi, ko?" Sai fitilu suka fara mutuwa, daga gaba zuwa baya, kamar ana yayyafa wa garwashi ruwa. Na dandamali ma aka kashe. Allon kwamfutata ya yi baƙi har ina ganin fuskata a ciki.

Ban san yadda zan rubuta muryarta a duhun nan ba. Babu abin da za ta jingina da shi. Waƙar ta wani ne da ya yi barci a jirgin ƙasa ya farka a tashar ƙarshe, ba kowa a taragon. A baiti na biyu muryar ta ɗan tsage, ba ta gyara ba. An ji wani ya yi tari can nesa.

Can sama ta dama, a bene na biyu, akwai farin ɗigo guda ɗaya.

Da farko haushi na ji, kamar yadda Rumi ta ce. Idona ya kasa barin wurin. Amma na lura da wani abu: ba ta motsi. Duk wanda ya taɓa riƙe sandar nan ya san ko ba ka so sai ta ɗan girgiza, don kana numfashi. Wannan ko kaɗan.

Da waƙar ta ƙare Sayo ta ɗaga kai ta kalli sama ta dama, ta daɗe tana kallo. Rumi ta ce ranta ne ya ɓaci. Na mayar da wurin baya na sake kallo. Ban sani ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da yamma

Mun yi baƙo, wani mutum mai suna Iwabuchi, mai toka-tokar kwat da murya ƙasa-ƙasa. Yana da wata cibiya a cikin duwatsu inda ake kai waɗanda suka kulle kansu a ɗaki. Baba ne ya kira shi. Ni aka sa na kai shayi, don haka na ji abin da yake faɗa wa Baba.

"Da sassafe muke zuwa, Kuwabara-san, lokacin jiki bai gama farkawa ba. Mu uku. In ta buɗe, shi ke nan. In ba ta buɗe ba, muna da abin kwance ƙofa. Wata shida na farko ba waya, ba ziyara."

Mama ta ce, "In ta ƙi fa?"

"Duk ƙi suke yi, uwargida. Daga baya su gode."

Ya juyo ya gan ni da tire a hannu. "Ƙanwar ce? Ke ma kin kusa hutawa."

Na sunkuyar da kai. Har na ce masa na gode.

Bayan ya tafi Baba ya ce wa Mama, "Ba mugunta ba ce. Shekararta ashirin. Ɗan gidan Ono da ya shiga ɗaki, yanzu furfura ce a kansa, uwarsa ke kai masa abinci da sanda a hannu. Haka kike so?"

Mama tana goge teburin da ta riga ta goge.

Talata, 18 ga Nuwamba, da safe

Ba a taɓa komai ba sai lemo.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan makaranta

Ban san me ya sa na koma farkon faifan ina bin fuskokin 'yan kallo ba. Ko kuma na sani.

A waƙa ta huɗu kyamara ta bi ta bene na biyu, ɓangaren dama, da sauri. Na tsayar. Na koma baya. Na sake tsayarwa.

Yaya ce. Tawul ɗin rawaya ne a wuyanta, wanda ta ƙona gefensa da dutsen guga. Kowa a layin yana tsalle da baki a buɗe. Ita tana tsaye kawai, da sandarta kore kamar ta kowa. Kujerar da ke gefenta babu kowa. An ninke wani tawul a kai, an tsayar da wata sandar fitila a jikin majinginar, a kashe.

Na zare abin sauraro. Ta bango ina jin ta tana juyi a kan gado.

Na ga fuskarta dai yau.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da safe

Kujeru biyu suka samu a ƙuri'ar tikiti, tun farkon bazara. Na tuna ranar. Yaya da Nagisa suna tsalle a falo har Baba ya ce za su fasa ƙasa su faɗa. Nagisa ta gidan Hoshino, ƙawarta tun ƙaramar sakandare, wadda take kirana Ƙaramar Fumika duk da na ce ba na so. Ita ce ta fara kawo waƙoƙin Sayo gidanmu.

A farkon Yuni Yaya ta zo gida kwana biyu. Ta ari baƙar rigar Mama da baƙin takalmi. Baba da Mama ma sun je. Da suka dawo na fito musu da gishiri suka yayyafa a kafaɗa kafin su shigo, yadda ake yi in an dawo daga jana'iza. Yaya ta koma Tokyo washegari, ta ce tana da aikin asibiti. Kowa ya ce tana da ƙarfin hali.

Tun ranar ba wanda ya ambaci sunan Nagisa a gidan nan. Ba zan rubuta abin da ya wuce wannan ba.

Talata, 25 ga Nuwamba, da yamma

Na tambayi Rumi yadda aka yi aka san mace ce. Na yi kamar ban damu ba.

"Wani da ke bayanta ne ya ɗauke ta hoto ya sa a dandali. Kin san mutanen nan, kwana biyu sun nemo shafinta. Wai ɗalibar jinya ce a Tokyo. Har sunan makarantar sun sa."

"Me suka rubuta mata?"

"Abin da ta jawo wa kanta." Ta ci gaba da tauna. "To, wasu sun yi yawa. Akwai masu buga waya makarantar. A Satumba ta rufe shafin ta gudu."

Na ce, "Rumi, in akwai dalili fa?"

"Wane dalili? Batirinta ne ya ƙi mutuwa?"

Ta miƙo hannu za ta ɗauki ƙwai. Na rufe akwatin.

"Mucchan, lafiya? Ke da ba kya faɗa ko da sauro."

Na ce cikina ne ke ciwo. Na je banɗaki na zauna har aka buga ƙararrawa. Rumi ba ta san sunan yayata ba. Ba ta taɓa zuwa gidanmu ba, kullum ina da dalilin da zan ba ta.

Laraba, 26 ga Nuwamba, bayan abincin dare

An sa ranar zuwan su Iwabuchi. Asabar, 6 ga Disamba.

Baba ne ya faɗa, yana kallon kwanonsa. Mama ta ce, "Ko a bari a shiga sabuwar shekara?" Ya ce, "In an shiga sai ki ce a bari sanyi ya wuce." Ba wanda ya ɗaga murya. A gidanmu ba a ɗaga murya.

Na wanke kwanuka. Na hau sama na sa "Keken Safiya" sau huɗu a jere. Akwai inda mai ganga yake yi wa Sayo gwalo ta fashe da dariya ta rasa baiti, mutane suka rera mata. Wurin nake ta maimaitawa.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, da yamma

Na sami Mama a ɗakin tabarma tana ninke kayan Yaya cikin jaka, tana ɗinka sunanta a wuyan kowace riga, yadda cibiyar ta ce a yi.

Na ce, "Mama, akwai abin da nake so ki gani a faifan nan na Yaya."

"Mutsumi, waƙa? Yanzu?" Ba ta ɗago ba. "Ki zaro mini zaren nan, idona ya ƙi gani."

Na zura mata zaren a allura. Na fasa maganar. Kullum haka nake. A kaina na shirya ta tsaf, da na buɗe baki sai ta zama wani abu ƙarami, abin kunya.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da rana

Rabi. Rabi. Ba a taɓa ba. Rabi.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da yamma

Baba da Mama sun fita sayayya. Na durƙusa a ƙofar Yaya.

Na ce, "Yaya, na gan ki a waƙa ta huɗu. Na ga kujerar."

Shiru.

"Zan nuna wa Baba."

"Kada ki kuskura."

Muryarta ce, amma ta dushe kamar ta mai mura. Kuma kusa take, a jikin ƙofar. Ban san tun yaushe take zaune a wurin ba.

Na ce, "Ranar Asabar za su zo."

"Na ji. Kunnena ƙalau. Su zo."

"Ƙofar za su kwance, Yaya."

"Su kwance. Wannan abin ba na Baba ba ne. Ba naki ba ne ke ma. Na ba ki faifai ki ji waƙa, ban ce ki yi mini bincike ba." Na ji ta ja hanci. "Ba gobe za ku fara jarrabawa ba? Tashi ki yi karatu, sakarya."

Na daɗe ban ji daɗin zagi irin na yau ba. Na koma ɗaki na yi kuka a cikin matashin kai don kada ta ji.

Talata, 2 ga Disamba, bayan makaranta

Jarrabawar tarihi. Na rubuta sunana da kyau, na amsa shafin farko, sauran na zauna ina kallon bayan kan Rumi.

In na nuna, na ci amanarta. In ban nuna ba, ranar Asabar maza uku za su hau matakalarmu. Na rubuta wannan a nan har sau uku na soke biyu. Ko sau nawa na rubuta, haka yake fitowa.

Alhamis, 4 ga Disamba, bayan abincin dare

Zan rubuta duka.

Baba yana zaune da jarida, ƙafafunsa a ƙarƙashin tebur mai ɗumi. Na tsaya a gabansa da faifan.

"Baba, ina so ka kalli wani abu tare da ni."

"Na makaranta ne?"

"A'a."

"Zai daɗe?"

"Zai daɗe."

Ya kalle ni ta saman tabarau. Ina jin ya tuna ban taɓa roƙonsa wani abu ba. Ya ninke jaridar.

A talabijin ɗin falo na sa, da sauti. Na san za a ji a sama. Kuma daga farko na sa, don in bai ga yadda launukan ke tafiya ba, ba zai gane komai ba.

Ya zauna a miƙe kamar a wurin taro. Can ya ce, "Duk waɗannan biya suka yi don su tsaya a tsaye?" Na ce e. Da zauren ya juye zuwa ruwan hoda ya ce, "Wa ke ba su umarni?"

"Ba kowa."

"Ba kowa? Da a ofis ɗinmu ne sai an yi taro uku kafin a yarda da launi ɗaya."

Mama ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu.

A waƙa ta huɗu na tsayar. Na nuna da yatsa. Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya matso har gwiwarsa ta bugi tebur. Mama ta sa tsumman a baki.

Ya ce, "Ci gaba."

Daga nan bai ƙara yin wasa ba. Ya kalli duka, har da inda Sayo take ba da labarin kyanwarta mai satar kifi, wanda ba shi da daɗi sosai amma kowa ya yi dariya. Da aka zo "Tashar Ƙarshe" na ce, "A nan kowa kashewa yake yi. Dole ne." Falon ya yi duhu tare da talabijin ɗin.

Ya daɗe yana kallon ɗigon.

"Waccan ba a hannu take ba," in ji shi. "Ajiye ta aka yi."

"E."

"Yaushe aka yi wasan nan?"

"Sha huɗu ga Agusta."

"Tsakiyar Obon." Ya faɗa a hankali, ba da ni yake ba. "Lokacin da mamata ke dawowa gida. Shekarar farko farar fitila ake kunnawa, don mutum bai saba da hanyar ba tukuna. Haka kakarku ta yi wa kakanku. Ta rataye a bakin ƙofa, ta hana kowa taɓawa." Ya juya wajen Mama. "Yarinyar gidan Hoshino."

Mama ta gyaɗa kai.

"Ai ba a kashe irin wannan," in ji shi. "Wa ke kashewa?"

Na ce, "Mutane sun zage ta, Baba. Sun nemo shafinta, sun nemo makarantarta, suna buga waya."

"A kan wannan?"

"E."

"Su nawa?"

"Ban sani ba. Da yawa."

"Su ba su da mamata ne?"

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Sayo tana ta rerawa a cikin duhu. A sama wani abu mai nauyi ya bugi bango, sau ɗaya. Ina jin littafi ne. Bangon ɗakina ne.

Juma'a, 5 ga Disamba, da safe

Baba ya ci abinci, ya ɗaura taye a wuya, ya tafi aiki. Jakar tana nan a ɗakin tabarma.

Tiren Yaya ko motsa shi ba a yi ba.

Asabar, 6 ga Disamba, da hantsi

Gari bai gama wayewa ba na ji mota ta tsaya. Farar bas ce ƙarama. Na leƙa ta tagar matakala.

Ashe Baba ya riga ya tashi. Ya sa kwat ɗinsa ta aiki da takalmi, ya fita, ya ja ƙofar gida ya rufe a bayansa. Ya tsaya a kan dakalin shiga. Iwabuchi ya fito da wasu ƙarti biyu, ɗaya yana riƙe da akwatin kayan aiki.

Baba ya sunkuya sosai. "Na ɓata muku lokaci. Ku yi haƙuri. Ba za a tafi da ita ba."

Iwabuchi ya yi murmushi. "Kuwabara-san, iyaye kan karaya a ranar ƙarshe, mun saba gani. Ka ɗan matsa kawai. Ba sai ka kalla ba."

"Ku yi haƙuri."

"In ta yi shekara goma a ciki fa? Me za ka yi?"

"Ban sani ba."

"Ka ji ko? Ba ka sani ba."

"Ban sani ba," in ji Baba. Ya sake sunkuyawa. Bai matsa ba.

Matar gidan Ono tana shara a ƙofarta, tana share wuri ɗaya. Sun daɗe a haka. Iwabuchi ya yi ta magana a hankali, Baba yana ta ba da haƙuri, numfashinsu yana fita fari saboda sanyi. Daga ƙarshe mai akwatin ya mayar da shi mota.

Da Baba ya shigo, ya zauna a bakin ƙofa ya kasa kwance igiyar takalminsa. Mama ce ta kwance masa.

Lahadi, 7 ga Disamba, da yamma

Baba ya hau sama ya durƙusa a ƙofarta. Ya ce, "Fumika, na ga fitilar. Daidai kika yi." Ya jira. Ya ce, "Da ni ne ma ba zan kashe ba." Ba a amsa ba. Ya sauko.

Ba a taɓa ba.

Talata, 9 ga Disamba, bayan makaranta

Ba a taɓa ba, sai ruwa. Da, ko rabi tana ci.

Mama ta ce mini a kicin, "Ke da babanki, kun dai san abin da kuke yi?" Ba da faɗa ta faɗa ba. Da gaske take tambaya.

Na je ƙofar na ce, "Yaya, ki yi haƙuri." Ko motsin bargo ban ji ba. Wataƙila Iwabuchi ya fi mu sani. Wataƙila abu ɗaya ne ya rage mata nata ita kaɗai, ni kuma na ɗauka na sa a talabijin ɗin falo.

Rumi ta tambaye ni ko na kalli ƙarshen faifan, inda Sayo take sunkuyawa har gashinta ya taɓa ƙasa. Na ce na kalla. Ta ce, "Ke dai kwanan nan kamar an ari bakinki." Ta ajiye mini alewa a kan tebur ta tafi.

Alhamis, 11 ga Disamba, da yamma

Mama ta cika bahon wanka ta ce, "Baban Mutsumi, ruwa ya yi." A gidanmu Baba ne ke fara shiga, tun da na yi wayo haka yake. Ya tashi ya rataya tawul a kafaɗa. Ni ina fitowa daga kicin da kofuna.

Sai muka ji ƙarar makulli a sama.

Ta sauko tana dafa bango. Gashinta ya wuce kafaɗa, ya cukurkuɗe. Rigar barcin ta yi mata yawa. Tana wari, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe taga ba. Ta tsaya a matakala ta ƙarshe, ba ta kalli kowa ba.

"Akwai wanda ya shiga?"

Baba ya ce, "Ba kowa. Shiga."

Hanyar banɗakinmu ƙunci gare ta, ni kuma ina tsaye a tsakiya da kofuna kamar gunki.

"Matsa, 'yar gulma."

Na manne da bango. Da ta zo daidai ni ta ce, "Ban yafe miki ba."

"To."

"Ina sabulun gashina?"

"Na ƙarar."

"Ɓarauniya kuma."

Ta shiga ta ja ƙofa. Muka ji an ɗebi ruwa an kwara.

Ba wanda ya motsa. Baba da tawul a kafaɗa, ni da kofuna. Mama ta ce ƙasa-ƙasa, "Ku bar nan mana, kun tsaya kamar masu jiran jirgi." Ita ma ba ta tafi ba.

Ban sani ba ko gobe za ta sauko. A zaune nake a kan matakala nake rubuta wannan. Har yanzu tana ciki. Ina jin ruwa.